Mungo Majemi da Sarkin da Ba a Taɓa Yi Ba

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina riƙe ƙafar hagun Mungo Pourie sau ɗaya a shekara, saboda haka in ana maganarsa a garin Balkirnie ni ya kamata a tambaya, ba yaran nan da suka tashi jiya ba. Sunana Gibbie Strang, gangunan zuba kifi nake haɗawa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Ba ni na zaɓi maƙwabtakar ba. Ubana ne ya sayi gidan da araha, bai tsaya tambayar dalilin arahar ba sai ranar da iska ta juyo.

Mungo majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. Wanda ya san abin da ake jiƙa fata da shi ba ya bukatar bayani. Wanda bai sani ba kuma, kashin kare ne da fitsari da ɓawon itace, sauran sai ya ƙarasa da hancinsa. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, ga sanyin hali, ko kaza ta shiga masa gida lallashinta yake yi ta fita. Ba wanda ya ƙi shi a garin nan, amma ba wanda yake matsowa kusa da shi. A coci benci guda ake bar masa, ko da mutane na tsaye a bakin ƙofa. A gidan giya da ɗan yatsa ake turo masa kofinsa. In ya miƙa hannu a gaisa, nan take sai mutum ya tuna hularsa na son gyara. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, domin yana da rana ɗaya a shekara da take biyansa sauran ranakun, wato Ranar Sarakuna.

Mu mutanen Scotland, kowa ya sani, jerin sarakunanmu ya haura ɗari, uba na miƙa wa ɗa tun daga Fergus na Fari, wanda ya hau gado ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu, lokacin da mutanen Ingila ko wurin zama ba su samu ba. Kakarmu ta can sama kuwa 'yar Fir'aunan Masar ce. Duk lokacin da na Ingila suka taso da zancen wai mu talakawansu ne tun asali, jerin nan muke zaro musu, mu ce su ƙirga nasu mu ji. Wanda ya riga ka kwana ai dole ya riga ka tashi.

To a Balkirnie, idan zafi ya shigo, kafin jiragen kifi su fita, sai mu fito da sarakuna arba'in na farko su zaga gari. Tun zamanin kakanni aka raba su tsakanin masu sana'a. Masu burodi suka kwashe sarakuna masu kyauta, maƙera suka kwashe mayaƙa. Majema, da yake a waje aka ce su jira har a gama rabon, sai suka tashi da Gormak.

Gormak, a faɗar babban littafin tarihi, shi ne ya ƙwace shanun mutane, ya sa haraji a kan hayaƙin murhu, har talakawa suka gaji suka tuɓe masa kambi suka jefa shi teku. Littafin bai faɗi a wace gaɓa ba. Amma malamin makarantarmu na wancan zamani ya duba ya ga tekunmu bai gaza na kowa jiƙa mutum ba, sai ya yanke cewa a ƙarshen dakalin dutsen tashar jiragenmu, wanda ya miƙe cikin teku, aka yi abin. Mutanen Kilrannet, garin da ke gaba da mu, suna cewa a nasu ne. Maƙaryata ne, ko dakalin kirki ba su da shi. Limaman coci sun hana mu kusan kowane biki, amma wannan sun ƙyale, domin yana koya wa yara cewa a ƙasar nan in sarki ya ƙi ji talakawa na iya sauke shi, kuma haka muke tun fil'azal.

Ga yadda ake yi. Sarakunan kirki su wuce a jere daga kasuwa zuwa tasha, mai busa na gaba, ana yi musu tafi. Gormak ne na ƙarshe, da jan bargo a kafaɗa da kambin gwangwani a ka. In ya isa ƙarshen dakali sai ya hau kan ganga, wadda ni nake bayarwa, ya shiga zagin gari. Mutane su yi ta jifansa da ciyawar teku da hanjin kifi, sannan mutum huɗu daga sana'a huɗu su cicciɓe shi su zaga da shi cikin taro kafin su wurga shi. A zagayen nan ake turmutsitsi, domin an ce duk wanda ya taɓa Gormak a hanyarsa ta zuwa ruwa, kifi ba zai guje wa komarsa ba a shekarar. Tsofaffi na miƙo hannu, mata na ɗaga jarirai a goga musu ƙafarsa, magajin gari da kansa na kutsawa ya dafa kafaɗa. Gari ya ɗauka, "Gormak ruwa! Gormak ruwa!" sai ka ji tsundum.

Mungo ya gaji bargon daga ubansa yana saurayi, a shekarar da ni ma na gaji ƙafar hagu daga kawuna. Na ɗauka zai kunyata mu, mutumin da in ya yi magana sai ka ce masa "me ka ce?" Yana hawa gangar nan sai wata murya ta fito daga cikinsa wadda ko uwarsa ba ta san yana da ita ba.

"Ke mai jar saniya, daga yau saniyar tawa ce, ke kuma ki riƙa zuwa tatsa! Kai mai burodi, hayaƙinka ya shiga sararin samaniyata ba izini! Ku masunta, wa ya ce ku taɓa mini kifi? Duk wanda kuka kama bara ku mayar!"

Ranar har wata tsohuwa sai da ta fashe da kuka don haushi. A ranar ce kuma Grizel, mai gyaran kifi wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ta same shi da kan kifi a ido. Washegari ta zo ba da haƙuri da niyyar tsayawa daga nesa, amma da yake teku ya wanke shi tas, sai ta matso fiye da yadda ta shirya. Ita da bakinta take cewa a satin wankan ta amsa masa maganar aure, kuma da ya yi nauyin baki har sati na biyu da ba ta amsa ba.

Ana nan sai zamani ya juya. Sarkin da ke zaune a Landan, wanda mu ma shi ne namu, ya ƙi jinin duk wani zancen sauke sarakuna, sojojinsa na bin ƙauyuka suna kama mutane a kan abin da bai kai wannan ba. 'Yan majalisar gari suka shiga tsaka mai wuya. A hana bikin, masunta za su yi bore. A yi shi, a kwana a kurkuku. Sai suka kira sabon malamin makaranta, Malam Durie, yaro ɗanye fitowar jami'a, suka ce ya duba musu littafi da kyau. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, da ya fito sai ya zo da albishir. Ashe ba a mugun sarki sai mugun bafade. Fadawa ne suka ci shanun, Gormak bawan Allah ne, kuma ba jefa shi aka yi ba, shi ya faɗa teku da kansa don ya ceci wasu masunta. Majalisa ta yi ajiyar zuciya ta kafa doka: sarki na iya shiga ruwa in ya ga dama, amma kada hannun talaka ya taɓa shi.

Shekarar nan na ga abin takaici. Mungo ya hau ganga ya sa wa jirage albarka da muryarsa ta kullum, wadda na baya ba sa ji. Ya sauko, taro ya dare masa hanya, ya taka shi kaɗai har ƙarshen dakali, ya toshe hanci ya yi tsalle. Mu huɗu muna tsaye hannu a baya kamar masu jiran gawa. Da yamma na leƙa ta katanga na gan shi zaune ya zuba tagumi.

Na ce, "Kai Mungo, mene ne abin ɓata rai? Ruwan ai ka sha, kamar kowace shekara."

Ya ce, "Gibbie, in ruwa nake so, ga shi nan bayan gidana, ba mai hana ni. Ba ka ga abin da suka yi ba? Hanya suka buɗe mini. Hanya kuwa kullum ana buɗe mini."

Tausayinsa ya kama ni, sai na gaya masa kambinsa ya lotse ta gefe.

Shekaru aka yi a haka. Mungo ya rame, Grizel kuwa in ta hango Malam Durie a kasuwa sai ta ɗaga wuƙarta ta tambaye shi ko littafin nasa na son a fere shi. Allah ya taimaka sarkin nan ya tsere Faransa aka naɗa wani, wanda da ma ta hanyar sauke na da ya samu gadon. Malam Durie ya sake shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da ya fito, ashe Gormak ya fi yadda ake zato mugunta, zancen ceton masunta kuwa fadawansa ne suka ƙaga. A shekarar sau biyu muka jefa shi, don ramuwa. Yana fitowa daga na farko yana tari, ya miƙo mini ƙafa da kansa.

Daga baya manyanmu suka haɗe majalisar ƙasa da ta Ingila, aka kwashe ta zuwa Landan. Mun ji ciwon abin nan ƙwarai, har masu burodi sun rufe shaguna. Malam Durie ya shiga ɗaki karo na uku, ya fito da babban laifin Gormak wanda duk malaman da suka gabata ba su lura da shi ba: ashe sayar da ƙasa ya yi wa mutanen kudu. Daga nan bikin ya zama wani abu dabam. Majalisa ta tafi, amma muna da sarakuna arba'in da Ingila ba ta da ko ɗaya irinsu, kuma muna da wanda za mu huce a kansa. Har mutanen Kilrannet suka riƙa zuwa da hanjin kifinsu, ba kunya. Malam ya ƙara da cewa akwai alamar zuriyar Pourie daga tsatson Gormak take. Wani da ya ji an ce kakansa azzalumi ne zai yi faɗa. Mungo kuwa sai ya aika wa Malam fatar maraƙi mafi laushi a majemarsa, daga ranar kuma "kakana" yake cewa.

Haka muka tsufa. Gemunsa ya yi fari, bayana ya ranƙwafa, masu riƙe hannuwa da ƙafar dama suka mutu 'ya'yansu suka gaje su. Grizel kowace shekara sai ta ce bana ce ta ƙarshe, sanyin teku ba na tsoho ba ne, kowace shekara kuma ita ke ɗinke bargon.

Sai ga wani littafi ya iso daga hannun wani fada, wato limamin Katolika, ɗan ƙasarmu da ke zaune a Faransa. Mutumin nan, da yake ba shi da mata balle aikin yi, ya bi tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya ce sarakuna arba'in ɗin nan na farko ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wai magabatanmu ne suka tsara su don su rufe bakin Ingila. Ni ban ga laifin magabatan ba, in ma haka ne, bakin ai ya rufu. Amma magajin garinmu na lokacin, Spens, ɗan kasuwa mai hular gashi har kafaɗa, yana yawan zuwa Edinburgh, kuma a can aka yi masa dariya a gaban mutane, aka tambaye shi lafiyar Gormak.

Malam Durie da kansa ya zo ƙofar majema, yana dogara sanda, hankici a hanci. Ina bakin katanga ina jin su. Ya yi bayanin littafin tun daga farko, ba da son ransa ba, domin shi ma sarakunan nan ya koyar duk rayuwarsa.

Mungo ya ajiye fatar da ke hannunsa ya ce, "Malam, sau uku kana gyara mutumin nan. Ka mai da shi na kirki, ka mai da shi mugu, ka ƙara masa mugunta. Shiga ɗakin ka sake rufe ƙofa mana."

"Na shiga, Mungo. Na rufe har Uwargida ta ɗauka mutuwa na yi. Halin mutum nake iya gyarawa. Wanda ba a haifa ba, ban san ta inda zan kama shi ba."

"To kakan nawa fa?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Fatar maraƙin tana nan, in kana so a mayar maka."

Mungo ya ce, "In ba a yi shi ba, to wa ake jefawa a ruwa duk shekarun nan?"

Daga cikin gida Grizel ta ɗaga murya, "Kai mana, tsohon banza! Wa nake dafa wa kunu da ruwan zafi yana atishawa, Gormak?"

Mungo ya je majalisar gari ya roƙa. Spens ya sa aka buɗe tagogi, ya ce ya yi maganarsa daga bakin ƙofa. Mungo ya ce shi bai nemi a ce an yi Gormak ba, a dai bar shi ya ƙarasa 'yan shekarun da suka rage masa. Spens ya ce Balkirnie ba za ta ci gaba da zama abin dariyar masu ilmi ba. Daga bana sarakunan da ke da shaida a takarda kaɗai za su fita, cikin natsuwa, kuma ba wanda za a jefa a ko'ina. Aka karɓe bargo da kambi aka kulle a akwatin majalisa. Na ga Mungo ya dawo yana tafe a hankali ta tsakiyar kasuwa, mutane na ta matsa masa kamar kullum, raina ya ɓaci.

Ranar Sarakuna ta zo. Ban taɓa ganin biki mai sa barci irin wannan ba. Sarakuna masu takarda suka wuce a jere, mai busa na busa kamar an tilasta shi, masunta na tsaye da hannuwa a aljihu ba su san abin da za su taɓa ba. Aka taru a tasha, Spens ya hau wani akwati zai yi jawabi a kan amfanin ilmi, jami'in kwastan ɗan Ingila na tsaye kusa da shi a matsayin babban baƙo. Sai na ji wari a bayana, irin na majemi a tsakiyar mako.

Mungo ne, da warkin aikinsa, hannuwa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, daga ramin jima ya fito kai tsaye. Ya ce, "Gibbie, ara mini ganga."

Na ce, "Ka haukace? An hana Gormak."

Ya ce, "Wa ya yi maganar Gormak? Ganga na ce."

Na mirgino masa wata. Da ƙyar ya hau, sai da ya yi gwiwa biyu a kai ya huta. Da ya miƙe kuwa, muryar nan ta fito, ba abin da shekaru suka rage mata.

"Kai Spens! Sauko daga akwatin nan, ilmin ya isa haka! Gaya wa baƙonka a ƙarƙashin wane ɗaki giyar Faransa take kwana, wadda ke shigowa a ɓoye ta bayan duwatsu!"

Jami'in kwastan ya juya ya dubi Spens, Spens ya dubi teku. Mungo bai tsaya ba. Ba wani asiri ya tona ba, duk abin da kowa ya sani ne, ba a dai faɗa a fili. Ya ce burodin masu burodi kowace shekara ƙanƙancewa yake yi, nan gaba sai an sa tabarau a neme shi. Ya ce dattawan coci da ke zaunar da 'yan mata a kujerar tuba su fara faɗin inda su suke kwana ranar kasuwa. Ya ce masunta da baki suke kama manyan kifaye, a koma kuwa sai 'yan mitsi-mitsi. Ya ce mutanen Kilrannet su koma garinsu su gina dakali. Da farko duk wanda aka taɓa maƙwabcinsa sai ya yi dariya, kafin ya rufe baki an iso kansa. Ni ina ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki.

"Ga Gibbie Strang can yana dariya! Gangunansa yoyo suke yi tun yana saurayi, shi ya sa kifin garin nan ke isa Holan yana wari, a ce laifin majema ne!"

Jama'a, abin da ya fi ƙarfin wasa ke nan. Gangunana ba su taɓa yoyo ba. Ban san lokacin da na ture mutane na damƙi ƙafarsa ba, kuma hannuna bai yi kuskure ba, ta hagun ya kama. A daidai lokacin Spens, hular gashi ta karkace, fuska ta yi ja, ya daka tsawa da bakin da ya kafa dokar, "Ku jefa mini tsinannen nan a ruwa!"

Ba sai an maimaita ba. Gari ya rufto kamar an ɓalle madatsa. Muka cicciɓe shi, masu burodi na ja, dattawan coci na dungure masa kai, wata mata ta cika masa gemu da hanjin kifi. Na farko don haushi suka taɓa shi. Amma da muka fara zagawa sai na ga wani tsohon masunci ya miƙo hannu a hankali ya shafa, na ga wata ta ɗaga jaririnta, tana zagin Mungo tana goga wa yaron ƙafarsa. Wani ya fara "Gormak ruwa" ya tuna an hana, ya yi shiru. Sai wani ya gyara, gari kuma ya ɗauka gaba ɗaya har duwatsu na amsawa.

"Mungo ruwa! Mungo ruwa!"

A nan haushina ya zube. Ƙafar da na saba riƙewa da hannu biyu, yau hannu ɗaya ya zagaye ta, ba komai sai ƙashi da fata. Na ɗaga kai na dube shi. Ya rufe ido, hannuwa ta ko'ina a jikinsa, yana murmushi kamar wanda ake yi wa tausa. Tsoro ya kama ni, na so in ce a tsaya, tsoho ne, ruwan nan da sanyi. Amma na san in na hana, har ya mutu ba zai yafe mini ba. Muka lilo shi, muka saki.

Ya daɗe bai taso ba. Ihun ya mutu, ba ka jin komai sai Grizel tana rantsuwar in ya nutse sai ta bi shi can ta ƙarasa shi. Can sai ga farin gemu ya ɓullo. A al'ada Gormak shi kaɗai yake iyo ya zagayo ta matakala, domin ba mai taimakon azzalumi. Ranar kuwa samari suka faɗa ruwa da takalmansu, mu na sama muka kwanta rub da ciki muna miƙa hannu, har Malam Durie ya miƙa sandarsa. Aka jawo shi aka kwantar a kan dutse, wani ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, wani ya kawo tasa, ana ta murza masa hannuwa da ƙafafu.

Sanyin da ya shiga ƙirjinsa ranar shi ya yi ajalinsa kafin shekara ta zagayo, kuma na tabbata ya san haka tun kafin ya nemi gangar. Har yau in na leƙa ta katangar nan na ga ramukan jima a bushe, kewarsa nake ji. Amma a lokacin, yana kwance yana amayar da ruwa, haƙora na kaɗawa, sai ya laluba ya kamo wuyan rigata ya jawo ni.

Ya ce, "Gibbie, kunnena ya cika da ruwa, ban tabbatar ba. Wane suna suke kira?"

Na ce, "Naka, tsohon banza. Kuma gangunana ba sa yoyo."

Ya ce, "Suna yi." Ya yi tari, ya numfasa, ya dubi mutanen da suka yi masa rumfa, kowa da hannu a jikinsa. "To gaya wa Malam ya rubuta wa fadan can na Faransa. Wannan dai an yi shi."